Soyayyar Rodin da Camille Claudel: Mai Son Mayar da Ita Littafi Ya Fara Shiga Ɗakin Sassaƙa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin adabi na wannan jarida mai farin jini, domin in yi magana da marubutan da ke sha'awar ƙagaggen labari mai tushe a tarihi, musamman irin wanda ake ginawa a kan masu fasaha biyu da suka so juna har soyayyar ta cinye ɗayansu. Misalin da zan riƙe shi ne na masassaƙan Faransa biyu, Auguste Rodin da Camille Claudel, saboda takardunsu suna nan a ajiye, kuma kusan duk kuskuren da marubuci kan yi ana iya nuna shi a labarinsu.

Wanda bai san yadda mutum-mutumi ke tashi daga yumɓu ya zama tagulla ba, bai san wa ke biyan kuɗin ba, bai san wa ke sa suna a gindin aikin ba, ba zai iya nuna yadda wannan soyayya ta yi ɓarna ba. Iyakarsa ya cika shafuka da hawaye da wasiƙu. Ta cikin sana'ar ɓarnar ta bi, sannan dangi da dokar ƙasa suka ƙarasa sauran.

Aikin farko jadawali ne, tun kafin a rubuta jimla ɗaya ta labari. A ja layi huɗu: kwanan wata, inda shi yake, inda ita take, da inda aka samo bayanin. An haifi Rodin a 1840, an haifi Camille a Disamba 1864, wato ya girme ta da shekara 24. Iyalinta sun koma Faris a 1881. Babbar makarantar fasaha ta gwamnati, École des Beaux-Arts, ba ta karɓar mata a lokacin, sai a 1897 ta buɗe musu ƙofa. Don haka Camille ta shiga makarantar kuɗi ta Colarossi, ta kuma kama ɗakin aiki tare da wasu 'yan mata 'yan Ingila, ciki har da Jessie Lipscomb. Wani masassaƙi, Alfred Boucher, shi ke leƙowa yana duba aikinsu. Da zai tafi Italiya a 1882 sai ya bar wa Rodin amanar ɗaliban, kuma wajen 1884 Camille ta shiga ɗakin aikin Rodin a matsayin ma'aikaciya. Marubucin da ya zaunar da ita a aji ɗaya da maza a makarantar gwamnati ya rushe ginshiƙin labarinsa da hannunsa, domin rufe mata wancan ƙofa ne ya sa ƙofar Rodin ta zama komai a wurinta.

A cikin jadawalin kuma a raba bayanai gida uku, ko da da kalar biro ne. Na farko, abin da takarda ta tabbatar. Akwai, alal misali, takardar alkawari da Rodin ya rubuta da hannunsa ranar 12 ga Oktoba 1886, inda ya ce ba zai riƙe wata ɗaliba ba sai Camille, zai tafi da ita Italiya su yi aƙalla wata shida, daga nan ta zama matarsa. Ba a yi tafiyar ba, ba a yi auren ba. Na biyu, abin da mutum ɗaya ya faɗa bayan shekaru masu yawa. Maganar cewa ta zubar da ciki tana dogara ne da wata wasiƙa da ƙaninta Paul Claudel ya rubuta a 1939. Ana iya amfani da ita, amma kada a ɗora rabin littafi a kanta. Na uku, abin da marubuci ya ƙaga da kansa, kamar hirar da suka yi a gidan Islette da ke yankin Touraine, inda suka riƙa keɓewa a farkon shekarun 1890. Wannan gida na uku shi ne filin marubuci, ya sake ya wala, muddin bai taka kwanan watan da ke gida na farko ba.

Sai ɗakin aiki, inda akasarin masu rubutu ke tuntuɓe. Hoton da ke kan mutane shi ne na dattijo mai gemu riƙe da guduma yana saran dutse, gumi na zuba. Ba haka Rodin ke aiki ba. Shi gwanin yumɓu ne. Ana fara ɗaure ƙwarangwal na ƙarfe da katako, a manna yumɓu a kai, a gina siffar da yatsu ana kallon wanda aka ɗauka haya ya tsaya, wanda kuma ake biya da sa'a. Yumɓun ba ya son sake: kullum da yamma sai an lulluɓe shi da jiƙaƙƙun tsummoki. Idan ya bushe yana tsukewa, ƙarfen da ke ciki kuwa ba ya tsukewa, sai aikin ya tsattsage. Idan ruwan ya yi yawa ya zube daga kan ƙwarangwal. Idan sanyin hunturu ya daskarar da ruwan da ke cikinsa, ya farfashe. Hakan ya taɓa samun Rodin kansa yana saurayi: sanyi ya ɓalle ƙeyar wani kai da ya gina, fuskar kaɗai ta tsira, ita ce aka sani yau da Mutum Mai Karyayyen Hanci.

Idan yumɓu ya kammala, sai mai zubin filasta ya zo. Yana raba siffar da siraran ƙarafa, ya yarfa filasta a kai, na farko da ɗan launi don a gane an kusa jiki lokacin fasawa. Filasta na kamawa cikin mintoci kaɗan, yana kuma yin ɗumi yayin da yake kamawa, don haka babu damar tsayawa hira. A buɗe mazubin, a kwashe yumɓun, wanda a nan yake mutuwa, a wanke ciki, a shafa sabulu, a zuba sabon filasta, sannan a farfasa mazubin a hankali. Abin da ya fito shi ne asalin aikin, fari, marar nauyi sosai, mai saurin karyewa. Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma kowace tana cin kuɗi. Idan dutsen mabul ake so, ma'aikata ne ke auna filastan da wata na'ura mai allura, su huda dutsen ɗigo bayan ɗigo, ɗaruruwa ko dubbai, har zurfin kowane ɗigo ya yi daidai da na filasta, sannan su sare abin da ke tsakani. Mabul mai mita ɗaya ta kowane gefe ya haura tan biyu da rabi, ba abin da yarinya za ta saya ta hau da shi bene ba ne. Idan tagulla ake so, sai an kai maƙerar zubi, a yi mazubin yashi ko na kakin zuma, a narkar da jan ƙarfe wajen kashi tara da kuza kashi ɗaya a zafin da ya haura digiri 1,000, a zuba gaɓa-gaɓa, a haɗa, a goge, a ba shi launi da sinadari.

Me wannan ya shafi soyayya? Ya shafe ta ta ko'ina. Mai fasahar da ba ta da kwangilar gwamnati ko attajirin da zai ɗauki nauyinta, aikinta a filasta yake tsayawa, yana shan ƙura a lungu har ya karye. Rodin yana da kwangilar gwamnati ta gina wata babbar ƙofa mai cike da siffofi, Ƙofar Jahannama, tun 1880, da ɗakin aiki da gwamnati ta ba shi a ma'ajiyar mabul ta Faris, ga kwangilar mutum-mutumin Dattawan Calais, na wani garin Faransa, ta biyo baya. Yana da ma'aikata, yana da 'yan jarida, yana da abokai a ma'aikatar fasaha. Camille tana da hannu. An ba ta ginin hannuwa da ƙafafuwa, waɗanda duk masassaƙi ya san sun fi wuya, kuma ita, saɓanin maigidanta, tana saran dutse da kanta. Duk lokacin da suka yi faɗa, abin da ke kan faifai ya haɗa da yumɓu da mabul da kuɗin maƙera da kujera a Salon, babban baje kolin fasaha na shekara-shekara a Faris. Marubuci ya sa su yi gardama a kan hannun yumɓu da ya tsage cikin dare saboda an manta ba a jiƙa tsumma ba, zai fi samun zafin da yake nema fiye da shafi goma na "ina son ki, ina son ka".

Tambayar da kowa ke so a amsa masa ita ce ko Rodin ya saci fasaharta. A nan ma sai an san al'adar ɗakin aiki na zamanin. Duk abin da ya fito daga ɗakin maigida, sunan maigida yake ɗauka. Haka Jules Desbois da François Pompon da Antoine Bourdelle suka yi wa Rodin aiki, su ma ba a sa sunansu ba. Bambancin shi ne su sun fita sun yi suna, ita kuwa duk abin da ta baje sai masu sharhi su ce ɗalibar Rodin ce, har wasu su raɗa cewa shi ya yi mata. Akwai wurin da tasirin ya bi ta ɗaya gefen: yarinyar da Camille ta gina zaune da damin alkama a bayanta ta riga siffar da Rodin ya yi mai suna Galatée, kuma kamanninsu ba ya ɓoyuwa. Littafi mai kyau zai nuna mutum biyu da hannayensu suka gauraya shekara kusan goma har ba a iya rabewa, amma suna ɗaya kaɗai kasuwa ta sani. Wannan ya fi ɓarawo da wadda aka yi wa sata ciwo, kuma ya fi kusa da abin da takardu suka nuna.

Ayyuka biyu sun isa su ɗauki tsakiyar littafin. Na farko La Valse, mace da namiji suna rawa sun karkata kamar za su faɗi. A 1892 ta nemi gwamnati ta ba ta kwangilar sassaƙa shi a mabul. Sufeton da aka turo, Armand Dayot, ya yaba gwanintar amma ya ce tsiraicin ya yi yawa, a rufe. Ta yi watanni tana gina mayafi a jikin macen, kwangilar kuma ba ta zo ba. Na biyu L'Âge mûr: dattijo a tsakiya, tsohuwa ta rungumo shi tana jan sa gaba, budurwa a durƙushe a baya ta miƙa hannu biyu. A siffar farko hannunsa na taɓa nata, a ta biyu sun rabu da ɗan taƙi. Gwamnati ta ba da kwangilar filastan a 1895, aka baje shi a 1899, kuma a wannan shekarar aka soke maganar zuba shi a tagulla ba tare da an ba da dalili ba. Duk wanda ya san Rodin da Camille a Faris ya gane su waye a cikin siffar. An yi zargin hannun Rodin a sokewar, babu takardar da ta kama shi. Sai a 1902 wani kyaftin na soja, Tissier, ya biya aka zuba, kuma wannan tagulla tana gidan tarihi na Orsay yanzu. Shawarata, marubuci ya bar zargin a bakin Camille da cikin ranta, kada ya rubuta babin da Rodin ke shiga ofis yana cewa a soke. Da zarar an nuna haka, mai karatu ya daina jin abin da ta ji, wato azabar zargin da ba za ka iya tabbatarwa ba. A tuna kuma shekara ɗaya bayan haka, a babban baje kolin duniya na 1900, Rodin ya gina rumfarsa shi kaɗai a dandalin Alma, sunansa ya game duniya.

Tsohuwar da ke cikin wancan aiki ita ce inda marubuta ke yin kasala. Rose Beuret ce, maɗinkiya, wadda ta zauna da Rodin tun 1864 ba aure, ta haifa masa ɗa a 1866 wanda bai ba shi sunansa ba. Ita ke jiƙa masa yumɓu lokacin da ba shi da ko sisi, har sa'ad da ya tafi neman aiki Beljiyam ya bar ta da siffofinsa. Camille ta zana su biyun a wasu zanen ba'a masu ɗaci, kuma waɗannan zanuka sun fi kowace jimla nuna kishinta. Amma idon Camille ke nan. Wanda ya mayar da Rose mayya ya ɗauki zanen ba'a ya ce hoto ne. Rodin ya aure ta a ƙarshen Janairu 1917, ta rasu bayan mako biyu, shi ma ya bi ta a Nuwamba. A ba ta ko da babi biyu da muryarta. Kuma, tunda an zo nan, ba sai an yi wa zaman nasu kwaskwarima an kira shi aure ba, ba sai an tsaya wa'azi a tsakiyar babi ba. A faɗi yadda yake, mai karatu yana da hankalinsa.

Rashin lafiyar Camille kuma ana kuskure a kansa ta fuska biyu. Wasu su haukatar da ita dare ɗaya, washegarin rabuwa. Wasu su ce lafiyarta ƙalau, makirci ne kawai. Jadawali ya ƙaryata duka biyun. Ita da Rodin sun fara ja da baya da juna wajen 1892, suka yanke gaba ɗaya a 1898, kuma a waɗannan shekaru ne ta yi wasu daga cikin mafi kyawun ayyukanta. Don ta nuna ba inuwar kowa ba ce, ta koma ƙananan siffofi na rayuwar yau da kullum, kamar mata huɗu da suka haɗa kai a lungu suna gulma, ta sassaƙa su a koren dutsen onis mai taurin kai, wanda kan tsage idan aka matsa masa. A 1899 ta koma gida mai lamba 19 a Quai de Bourbon, ita kaɗai. Ta samu masu taimako: ɗan jarida Mathias Morhardt ya yi dogon rubutu a kanta a 1898, wata attajira, matar Maigret, ta ba ta ayyuka, dillali Eugène Blot ya zuba wasu ayyukanta ya baje su a 1905. Kuɗin dai ba ya isa. Daga wajen 1905 ta fara farfasa ayyukanta da guduma, ta rufe tagogi, ta tara kyanwoyi, ta yi imani cewa Rodin da mutanensa suna leƙen asirinta suna neman sa mata guba. Abin ya ɗauki shekaru yana rarrafe, haka kuma ya kamata ya rarrafa a kan takarda, ta ƙananan alamu: wasiƙar da ba a buɗe ba, baƙon da aka mayar daga bakin ƙofa, zanen da aka ɓoye don kada a kwaikwaya.

Wa ya kulle ta? Ba Rodin ba ne, kuma littafin da ya ce shi ne ya yi ƙarya a wurin da ba a yafewa. Mahaifinta, wanda ke biyan kuɗin hayarta yana kare ta, ya rasu ranar 2 ga Maris 1913, ba a ko sanar da ita ba. Ranar 10 ga Maris ma'aikata suka ɗauke ta zuwa asibitin masu taɓin hankali na Ville-Évrard. Dokar Faransa ta 1838 ta ba dangi damar kai mutum da buƙatarsu a rubuce da takardar shaidar likita, ba sai an je gaban alƙali ba. Mahaifiyarta ce ta sa hannu, ƙaninta Paul ya yi zirga-zirgar. A Satumba 1914, saboda yaƙi, aka mayar da ita Montdevergues kusa da Avignon, can kudu. Uwar ta hana a kai mata ziyara, ta hana wasiƙunta fita sai zuwa ga dangi. A 1920 likita ya ba da shawarar a gwada mayar da ita kusa da iyali, uwar ta ƙi, kuma har ta rasu a 1929 ba ta taka asibitin ba. Rodin kuwa ya aika da kuɗi ta hannun Morhardt, ya kuma yarda a ware mata ɗaki a gidan tarihinsa. Wannan bai wanke shi ba, amma yana cikin lissafi.

A asibitin, kada a ba ta yumɓu tana gini cikin dare don a samu babi mai taɓa zuciya. An miƙa mata, ta ƙi, don tana tsoron za a sace. Dankali da ɓawonsa da ƙwai take yarda da su, ta dafa da kanta, saboda tsoron guba. Wasiƙunta a kan sanyi da abinci da kewar gida tsaf suke, na mai cikakken tunani, amma da an zo kan Rodin sai ruɗanin ya dawo, har bayan mutuwarsa da shekaru. Jessie Lipscomb ta ziyarce ta a 1929, aka ɗauki hoton da aka fi sani na tsufanta. Ta rasu ranar 19 ga Oktoba 1943 tana da shekara 78, a lokacin da yunwar yaƙi ta kashe fiye da mutum 40,000 a irin waɗannan asibitoci na Faransa. Daga baya aka kwashe ƙasusuwanta zuwa kabarin gama-gari.

Lissafin shafuka ya biyo daga nan. Soyayyar ta ɗauki kamar shekara 10, zaman kaɗaici da aiki kusan 20, asibiti 30. Mafi yawan masu rubutu suna ba shekarun soyayya kashi uku cikin huɗu, su tattara shekara 50 a babi biyu na ƙarshe. A littafi mai babi 30, ni zan ba soyayyar 12, shekarun aikinta ita kaɗai 10, sauran 8 su zama na asibiti, a kuma warwatsa na asibitin cikin littafin maimakon a jibge su a ƙarshe, don shekara 30 na jira ba sa karantuwa a jere. Murya ɗaya ba za ta wadatar ba: idan Camille kaɗai ke magana, mai karatu zai rasa inda gaskiya ta tsaya ruɗani ya fara. A haɗa ta da wani mai gani daga gefe, ko Jessie, ko wani ƙagaggen mai zubin filasta da ke shiga ɗakunan biyu.

A ƙarshen littafin a ware shafi ɗaya ko biyu a faɗi abin da aka ƙaga, da sunayen da ba su taɓa rayuwa ba, da kwanan watan da aka matsar. Wanda kuma zai bayyana ayyukan a rubuce ya nemi hotunansu ta kowane gefe, gaba da baya da sama, domin mutum-mutumi ba fuska ɗaya gare shi ba. Kimanin ayyukanta 90 ne suka tsira, kuma mafi yawan da aka tara wuri guda suna gidan tarihi na Rodin a Faris da gidan tarihin da aka buɗe da sunanta a Nogent-sur-Seine a 2017.

Na gode da filin da aka ba ni. Wassalam.

Naku,
Wani mai nazarin adabi da tarihin fasaha